Waiwaye: Yadda Aka Faro Ceton Sawun Amalanke a Hanyar Oregon

A gefen garin Guernsey da ke jihar Wyoming ta Amurka, akwai wani tudun dutse mai taushi da ƙafafun amalanke suka cinye har ya zama kamar kwalbati. In mutum ya shiga ya tsaya a tsakiya, a wasu wuraren bangon yana kai masa kafaɗa, don zurfin ya kai ƙafa 5. Kogin North Platte ne ya matse hanya a nan, dole kowane ayari ya hau tudun ya taka inda na gabansa ya taka. Wannan gurbi ya tsira ne saboda a kan dutse yake. Mafi yawan hanyar kuwa a kan ƙasa take, kuma ƙasa ba ta riƙe sawu in garma ta bi ta kai.

Hanyar Oregon ta tashi ne daga Independence a jihar Missouri, ta ratsa mil 2,170 kafin ta sauka a kwarin Willamette da ke jihar Oregon ta yau. A 1843 ayari na farko mai girma ya tashi da mutum kusan 1,000, daga nan hanya ta buɗe. Cikin shekara ashirin da 'yan kai, mutum dubu ɗari uku zuwa huɗu suka bi ta da rassanta, wasu zuwa Oregon neman gona, wasu zuwa Kalifoniya neman zinariya, mabiya ɗarikar Mormon kuma zuwa Utah. Tafiyar wata biyar ce ko shida, akasari a ƙafa, don amalanken kaya yake ɗauka. Kwalara ta fi komai kisa. Da aka haɗe layin dogo daga gabas zuwa yamma a 1869, sai ayari ya fara ja baya. Manoma suka nome hanyar, aka ja waya aka shinge, garuruwa suka hau kanta, kamar dai yadda gona ke cinye burtali kaɗan-kaɗan har a wayi gari babu shi.

Wanda ya fara ɗaga murya da gaske wani tsoho ne mai suna Ezra Meeker. Ya bi hanyar a 1852 yana da shekara 21, tare da matarsa da jaririnsu. Ya zauna a Puyallup ta jihar Washington, ya yi arziki a noma, daga baya ƙwari suka faɗa wa amfaninsa ya karye. A farkon 1906, yana da shekara 75, ya harhaɗa amalanke daga tsoffin sassa, ya ɗaura wa shanu biyu, Dave da Twist, ya kama hanyar a juye, daga yamma zuwa gabas. Duk garin da ya yada zango sai ya tara jama'a, ya yi musu magana, ya roƙi a kafa dutsen shaida. Guzurinsa daga sayar da katin hoto yake fitowa. Wasu garuruwan sun yi ko oho da shi, amma a Baker City ta jihar Oregon har 'yan makaranta sun kawo 'yan sulallansu.

Abin da ya fi taɓa ni a tafiyar tasa shi ne yadda wanda ya taka hanyar da ƙafarsa ya koma yana tambayar inda take. Sau da yawa sai ya nemi dattawan wuri su nuna masa. A South Pass, mashigar da ayari ke bi su ƙetare duwatsun Rocky, ya samo wani dutse aka sassaƙa masa sunan hanyar da shekarun 1843 zuwa 57, kuma yana nan tsaye har yau. A Nebraska Twist ya mutu, ya samo wani san mai suna Dandy ya ci gaba. Ya shiga New York da shanunsa, ya isa birnin Washington a Nuwamban 1907, ya gana da Shugaba Theodore Roosevelt. An karɓe shi hannu bibbiyu, amma majalisa ba ta fitar da kuɗin kafa alamun ba.

Bai haƙura ba. Ya sake bin hanyar da shanu daga 1910, da mota a 1916, da jirgin sama a 1924. A 1926 ya shawo kan majalisa ta yarda a buga kuɗin tunawa na rabin dala, a sayar a yi aikin da ribar. Cinikin bai yi armashi ba, da yawa aka mayar aka narke. Ya rasu a Disamban 1928 yana da shekara 97. A wannan zamanin ne kuma matan ƙungiyar DAR, zuriyar waɗanda suka yi yaƙin 'yancin Amurka, suka jera duwatsu a kan hanyar Santa Fe, wata tsohuwar hanyar fatake.

Sai dai aikin wannan ƙarni yana da gurbi. Dutsen shaida galibi a tsakiyar gari ko bakin titi ake kafa shi, inda mutane za su gani, sawun kansa yana can bayan gari ba mai tsaronsa. Doka ta zo a makare. An yi dokar hanyoyin ƙasa a 1968, sai a 1978 aka yi mata gyara aka shigar da hanyoyin tarihi, Oregon da ta Mormon na cikin huɗun farko. Santa Fe ta shiga a 1987, ta Kalifoniya a 1992. Kuma shiga wannan jeri bai hana mai gona yin yadda ya ga dama da filinsa ba, ga shi sashe mai yawa na hanyar a hannun masu gonaki da makiyaya yake. Abin da ake ƙiyasin ya rage na sawun da ido ke gani bai wuce mil 300 ba.

Wannan ne ya sa a 1982 wasu masu kishin abin, cikinsu har da marubuci Gregory Franzwa, suka kafa OCTA, ƙungiyar kare hanyoyin Oregon da Kalifoniya. A ganina a nan aikin ya koma inda ya dace, wato ƙasa. 'Yan sa-kai ne ke fita da kundin matafiyan da da taswirar safiyo na farko, su bi daji a ƙafa. Wani wurin abin da ya rage ɗan kwari ne mara zurfi da ciyawa ta rufe, sai rana ta yi ƙasa inuwa ta fito da shi. Wani wurin tsatsar ƙarfe ce a jikin dutse. Suna rarraba sawun aji-aji, daga wanda ba a taɓa ba zuwa wanda ya ɓace sai kintace, sannan su kafa siririyar alama bayan sun nemi izinin mai fili. Ba aiki ne na biki da yanka kintinkiri ba, amma da taswirarsu ake zuwa gaban hukuma in za a shimfiɗa bututu ko titi.

Akwai kuma maganar da duwatsun zamanin Meeker suka yi shiru a kai. Ba ƙasar da babu kowa aka ratsa ba. Ƙasar ƙabilun asali ce irin su Pawnee da Lakota da Shoshone da Cayuse. Dabbobin ayari sun cinye kiwo, an sare itacen bakin kogi, ƙyanda ta yi wa Cayuse mummunan ɗauki a 1847. Dokar rabon fili ta 1850 ta bai wa ma'aurata eka 640 a Oregon, ta rufe ƙofa ga baƙar fata. Sai a 1998 aka buɗe cibiyar Tamástslikt kusa da Pendleton, inda ƙabilun Cayuse da Umatilla da Walla Walla ke ba da labarin hanyar da bakinsu. Ni dai ina ganin tsaron sawun ya fi ƙarfi da wannan gyara, don wanda aka taka ƙasarsa shi ma yana da haƙƙi a kan shaidar.

Yau barazanar ta sauya kama. Ba lallai a nome sawun ba, ya isa a canza abin da ke kewaye da shi. A tudun Flagstaff kusa da Baker City, inda aka buɗe cibiyar tarihin hanyar a 1992, mutum na iya tsayawa a cikin sawun ya hango kwarin da matafiya suka hango. Ta gaban wannan wuri aka tsara wucewar babban layin lantarki daga Boardman ta Oregon zuwa Hemingway ta jihar Idaho, mai tsawon kusan mil 300, wanda zai ƙetare hanyar a wurare da dama. An yi shekaru ana ja-in-ja, masu son tarihi da mazauna yankin a gefe guda, buƙatar wuta a ɗaya gefen. A 2023 Kotun Ƙolin jihar Oregon ta tabbatar da izinin aikin.