Ma'anar kalmar "thrash" a kiɗan metal

Duk wanda ya taɓa ganin ana bugun shinkafa da sanduna bayan girbi ya riga ya san rabin ma'anar wannan kalma. A Turanci, thrash da thresh, wato sussukar hatsi, tushensu ɗaya ne: duka ne babu sassauci. Masu sauraren kiɗan metal suka ari kalmar a shekarun 1980, suka laƙaba ta ga wani salo da ya fi sauran sauri da zafi.

Shi metal ɗin a Birmingham ta Ingila ya tashi, musamman da faifan farko na ƙungiyar Black Sabbath a 1970: jitar lantarki mai kauri, ganga mai nauyi, tafiya sannu-sannu. Bayan kamar shekara goma, wasu samari a Amurka suka ɗauki wannan nauyi suka gama shi da gaggawar kiɗan punk, wani salo mai sauri da gajerun waƙoƙi, sai thrash ya fito. Ƙungiyoyi huɗu ne suka fi suna a kansa, Metallica da Megadeth da Slayer da Anthrax, har ake ce musu manyan huɗu.

Wanda bai saba ba zai ce hayaniya ce kawai, ni kuwa ban yarda ba. Sirrin thrash yana hannun dama na mai jita. Yakan ɗora gefen tafinsa a kan tsirkiya don ya danne amonta, sai kowane bugu ya fito gajere kamar sara, yana ta saukar da hannu da sauri ba kuskure. Mai ganga kuma ƙafafunsa biyu na aiki a kan babbar ganga. Ko kaɗan ɗaya ya yi jinkiri, kiɗan ya watse. Waƙoƙin sukan yi tsawo, su yi ta sauya taki, maganarsu kuwa yaƙi ce da shaye-shaye da rashin adalci.

Ba a gane iyakar kalmar sosai sai an dubi abin da Metallica ta yi a 1991. James Hetfield da Lars Ulrich ne suka kafa ƙungiyar a Los Angeles a 1981, kuma faya-fayansu huɗu na farko thrash ne zalla. A na huɗun, na 1988, akwai waƙar da ta kusa minti goma, jitar bas ta Jason Newsted kuwa da ƙyar ake jin ta. Sai suka ɗauko furodusa Bob Rock, ɗan Kanada, wanda ya yi wa ƙungiyar Mötley Crüe aiki a 1989. Ya sa suka riƙa kiɗa tare a ɗaki ɗaya, ya kuma matsa wa Hetfield ya rera waƙa da murya, ba tsawa kaɗai ba.

Ranar 12 ga Agusta 1991 faifansu na biyar ya fito da baƙin bango, shi ya sa ake ce masa Black Album. An rage sauri, an gajarta waƙoƙi, kowace ta tsaya a kan kari ɗaya ko biyu da kunne ke riƙewa. Har da waƙa mai taushi, "Nothing Else Matters", wadda Michael Kamen ya tsara wa kiɗan goge irin na Turawa. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, wato jerin faya-fayan da aka fi saye a Amurka, kuma an sayar da sama da kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai.

Tsofaffin masoya da yawa suka ce an ci amanarsu, an sayar da salo saboda kuɗi. Na fahimci zafin da suka ji, domin wanda ya bi ka tun kana kiɗa a ƙaramin ɗaki yana ganin yana da haƙƙi a kanka. Amma a ganina sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Sauri aka ajiye, nauyi yana nan, har ma ya ƙaru. Don haka faifan metal ne cikakke, sai dai ba thrash ba ne. Mai son ya ji bambancin da kunnensa ya saurari waƙar Metallica "Battery" ta 1986, sannan ya bi ta da "Sad but True" ta Black Album, inda aka sassauta tsirkiyar jita ta yi ƙasa, ganga kuma na sauka ɗaya-ɗaya kamar taɓarya a turmi.