Wakilcin hukumar kashe gobara a kwamitocin ma'aunin inganci a Gana

Wakilcin hukumar kashe gobara a kwamitocin ma'auni shi ne tura jami'in kwana-kwana ya zauna a kwamitin ƙwararru na wata hukuma da ba tasa ba, inda ake rubuta ƙa'idojin da kaya ko gini za su cika kafin a ce sun inganta. A irin wannan zama ake tsayar da kaurin wayar lantarki, faɗin ƙofar fita, ƙarfin tukunyar gas, da irin yadin da za a ɗinka rigar shiga wuta da shi. Jami'in da aka tura bakin hukumarsa ne, ba ra'ayin kansa yake kaiwa ba. A Gana, akasarin wannan aiki a Accra ake yin sa, domin nan ne hedikwatar hukumomin da abin ya shafa.

Hukumomin da ke ciki

An kafa Hukumar Kashe Gobara ta Gana a 1963, aka sake mata doka a 1997, wato doka mai lamba 537, wadda ta ɗora mata hana gobara, ba kashewa kaɗai ba. A 2003 aka fitar da ƙa'ida mai lamba L.I. 1724, wadda ta wajabta wa wuraren taruwar jama'a da wuraren aiki mallakar takardar shaidar kariya daga gobara. Amma ba hukumar ce ke rubuta ma'aunin kaya ba. Wannan aikin Hukumar Ma'auni ta Gana ne, GSA, wadda asalinta ya koma 1967, ta kuma samu sabuwar doka a 2022. Ita ke kafa kwamitocin ƙwararru, ta gayyato masu masana'antu, malaman jami'a, injiniyoyi, hukumomin gwamnati da wakilan masu saye. Harkar wayarin gidaje tana hannun Hukumar Makamashi ƙarƙashin L.I. 2008 ta 2011, gas da mai kuwa suna hannun Hukumar Man Fetur ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2005.

A waje, GSA ce ke wakiltar Gana a ƙungiyar ma'auni ta duniya, ISO, mai mazauni a Janiba. Kwamitinta na 92 yana kula da kariya daga gobara, na 21 kayan kashe ta, na 94 kuma kayan kare jiki, har da na 'yan kwana-kwana. Ƙungiyar ma'auni ta Afirka, ARSO, a Accra aka haife ta a 1977, kodayake yanzu ofishinta na Nairobi.

Asalin al'adar

Misalin da ake yawan kawowa shi ne gobarar birnin Baltimore ta Amurka a 1904. 'Yan kwana-kwana sun kawo ɗauki daga Washington da Philadelphia da New York, suka iske bakin mesarsu bai shiga famfunan birnin ba, don kowane gari da irin nasa mahaɗin. Ga ruwa, ga mutane, amma gine-gine kusan 1,500 suka ƙone. Bayan nan ne aka fara ƙoƙarin daidaita mahaɗin mesa a ƙasar. Ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, NFPA, wadda aka kafa tun 1896, har yau tana ware wa masu kashe gobara da masu tilasta bin doka kujeru a kwamitocinta, kuma ba ta barin ɓangare guda ya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kujerun.

Matsalar ba ta tsufa ba. Ƙasar da ke sayen motocin kashe gobara daga wurare dabam-dabam, ko ta karɓe su kyauta, tana iya tarar da mahaɗi irin na Ingila a wannan mota, irin na Jamus da ake kira Storz a waccan.

Yadda zaman ke gudana

Aikin na takarda ne, kuma yana cin lokaci. Ana kawo daftari, kowane wakili ya koma gida ya karanta sakin layi bayan sakin layi, ya rubuto gyararsa tare da dalili. Kwamiti ya zauna ya bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, sannan a buɗe wa jama'a ƙofar yin tsokaci. Abin da ake nema shi ne maslaha, wato kada wani muhimmin ɓangare ya tsaya kan ƙin amincewa. A ISO, daftari ba ya wucewa sai kashi biyu cikin uku na ƙasashen da ke cikin kwamitin gadan-gadan sun amince, kuma masu ƙi ba su haura kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un ba. Bayan shekara biyar a sake duba shi.

Ƙasashe irin su Gana ba safai suke ƙirƙiro ma'auni daga tushe ba. An fi ɗauko na duniya, a karɓe shi yadda yake ko a yi masa kwaskwarima. Kundin ƙa'idojin gini na Gana, GS 1207, wanda mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar a 2018, ta wannan hanya ya samu. A wajen kwaskwarimar ne muryar ɗan kwana-kwana ta fi amfani.

Abin da jami'in ke kawowa

Injiniya ya san kaya a ɗakin gwaji, mai masana'anta ya san kuɗin da aka kashe wajen ƙera su, ɗan kwana-kwana kuwa ya san su bayan sun gaza. Shi ke shiga toka ya ga wayar da ta narke, ya ga inda gawa ta kwanta kusa da ƙofar da aka sa wa kwaɗo.

A ɗauki maganar ƙofa mai jure wuta. Ma'aunin ISO 834 ya tsara yadda za a hura tanderun gwaji: zafi ya kai kimanin digiri 842 a minti 30, ya kai 945 a minti 60. Ƙofar da aka ce ta minti 30 ce, ma'anarta ta jure wannan tanderu na rabin awa. Tambayar da jami'in zai yi ita ce, rabin awa ya isa? A birnin da motar kwana-kwana ke isa cikin minti kaɗan, ya isa. Idan kuwa motar za ta kutsa cunkoson Circle, babbar mahaɗar tituna a Accra, da yamma, ta iso ta tarar famfon gobara babu ruwa ko an kafa kwantena a kansa, lissafin ya canza.

Haka maganar haruffan da ke jikin tukunyar kashe gobara. A tsarin ISO da na Turai, harafin C na nufin gobarar gas, F kuma ta man girki. A tsarin Amurka, C na nufin gobarar da ta shafi kayan lantarki, man girki kuma K ne. Kaya daga ɓangarorin biyu na sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema. Mai shago a unguwar Nima ta Accra da ya ga C ba shi da hanyar sanin wanne ake nufi, sai in ma'aunin ƙasa ya zaɓi guda kuma an tilasta shi a bakin shigowa.

Zanguna da kasuwanni

Ma'aunin da aka aro an rubuta shi ne domin unguwanni masu faɗin titi da gidaje masu zanen gini. Nima da Mamobi da Sabon Zango ba haka suke ba. Akwai lungun da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace, balle mota. Gidan haya mai ɗaki goma sha wani abu ana jan wuta daga mita guda, an ɗora bene a kan ginin da ba a yi shi don bene ba, kowace taga an dasa mata ƙarfe saboda ɓarayi, ƙarfen da ke hana ɓarawo shiga shi ke hana mai ɗaki fita. A tsakar gida ga murhun gawayi, ga tukunyar gas, ga katifar soso an shanya. Idan hunturu ya kama, komai ya bushe ƙayau.

Kasuwanni ma haka. Kasuwar Kantamanto ta Accra ta ƙone a 2013, ta sake ƙonewa a farkon Janairun 2025, ga rumfunan katako cike da dilolin gwanjo. Jami'in da ya san waɗannan wurare zai fi nacewa a kan abin da talaka zai iya bi: ingancin waya da soket da ake sayarwa a kasuwa, bututun roba da kan tukunyar gas, tazara tsakanin layukan rumfuna, taga guda da ake iya buɗewa daga ciki. Ƙa'idar da ta ce a sa na'urar yayyafa ruwa a rufin kowane gini tana da kyau a takarda, amma ba za ta taɓa shiga lungu ba.

Sau da yawa sai bayan musiba ake motsawa. Ambaliya da gobarar gidan mai a Circle ranar 3 ga Yuni, 2015, sun ci rayuka fiye da 150. Fashewar tashar gas a Atomic Junction kusa da unguwar Madina a Accra, ranar 7 ga Oktoba, 2017, ita ta sa gwamnati ta rungumi tsarin musayar tukunya: mai gida ya kai wadda ta ƙare, ya karɓi cikakkiya da aka duba aka cika a masana'anta, maimakon a riƙa ɗura gas a tsakiyar unguwa.

Wahalhalun aikin

Kujerar ba ta da albashi na daban, kuma wanda ke kanta yana da sauran aikinsa. Kamfanoni na iya ware injiniya guda ya bi daftari shekara da shekaru, hukumar kwana-kwana kuwa tana iya yi wa jami'inta canjin wurin aiki a tsakiyar tafiya, sabon da ya zo ya fara daga farko. Takardun ma'auni sayar da su ake yi, tarukan ƙetare na buƙatar kuɗin jirgi, kodayake zama ta intanet ya rage wannan nauyi. Akwai kuma tsoron kusanci da 'yan kasuwa, shi ya sa ake son wakili ya bayyana duk wata alaƙa da ke tsakaninsa da masu sayar da kayan da ake tattaunawa a kai.

Ma'auni kuma a kan kansa ba doka ba ne. Yana zama tilas ne idan wata ƙa'idar gwamnati ta ambace shi, ko hukuma ta sa shi sharaɗin ba da izinin gini, lasisi ko takardar shaidar gobara. Don haka jami'in da ya dawo daga kwamiti sai ya kai rahoto ga sashen kariya na hukumarsa, domin masu duba zanen gini da masu zagayen duba shaguna da otal-otal su san abin da ya canza.