Dokar da ke tsayar da mai zarto saboda dabbar da bai taɓa ba

Ɗan yayata da ke aiki a wajen 'yan katako a Sabon Gari ya zo gaishe ni kwanan baya, sai hira ta kai mu ga wani labari da ya gani a waya, wai kotu a Amurka ta dakatar da aikin sare daji saboda beyar. Ya ce, "Kawu, mutanen nan kuwa lafiyarsu? Ba su harbe ta ba, ba su ɗana mata tarko ba, itace kawai za su sara." Na ce masa lafiyarsu ƙalau, doka ce ta ba alƙali wannan ikon, kuma dokar tana da hujjarta.

Mu nan ba mu da beyar, duk Afirka ma yau babu ita a daji. Dabba ce mai gashi da manyan farata, tana cin nama da kifi da saiwa da 'ya'yan itace. Wadda ake wannan rigima a kanta ita ce girizli, wadda namijinta kan haura kilo 200. A da an ƙiyasta akwai kusan 50,000 a yammacin Amurka, amma zuwa 1975 waɗanda suka rage a jihohi 48 na ƙasar, ban da Alaska da Hawaii, ba su kai 1,000 ba. A shekarar ne aka saka ta cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana, a ƙarƙashin Dokar Kare Halittu Masu Shirin Ƙarewa, wadda Shugaba Nixon ya sa wa hannu a watan Disamba na 1973.

Sashe na 9 na dokar ya haramta kashe irin wannan dabba, ko kama ta, ko takura mata, ko cutar da ita. A kan kalmar cutarwa aka yi ta kai ruwa rana. Hukumar kula da kifi da namun daji ta ce cutarwa ta haɗa da lalata mazaunin dabba har ya kai ga mutuwarta ko jin rauni, ta hanyar hana ta ci ko haihuwa ko samun mafaka. Masu harkar katako da masu filaye suka kai ƙara, suna faɗin abin da ɗan yayata ya faɗa, cewa wanda bai ɗaga hannu a kan dabba ba bai cutar da ita ba. A 1995 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 6 cikin 9 suka goyi bayan hukumar. Shari'ar a kan wata mujiya da wani tsuntsu mai ƙwaƙwale itace aka yi ta, amma hukuncin ya shafi duk dabbar da ke cikin jerin.

Sashe na 7 shi ne ya fi damun masu katako, domin yawancin dajin da girizli ke zaune na gwamnatin tarayya ne. Kafin hukumar gandun daji ta sayar da izinin sara a irin wannan wuri, dole ta tuntuɓi hukumar namun daji, ita kuma ta rubuta ko aikin zai jefa dabbar cikin haɗarin ƙarewa, ta kuma gindaya sharuɗɗa. Idan aka yi ha'inci, kowane ɗan ƙasa na da ikon kai gwamnati kotu bayan ya ba da sanarwar kwana 60. Ta wannan ƙofa ƙungiyoyi ke samun irin hukuncin da yaron nan ya gani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, sara kanta ba kullum take cutar da beyar ba. Idan aka share wani yanki rana ta sauka ƙasa, ƙananan tsirrai masu 'ya'ya, kwatankwacin magarya a wajenmu, sukan fito su yi albarka na wasu shekaru, beyar ta samu abin ci kafin sababbin itatuwa su rufe sama abincin ya ƙare. Babbar asara ita ce tsofaffin itatuwa masu kogo, inda baƙar beyar, wani jinsin beyar daban da girizli, ke shiga ta yi dogon barcin hunturu. A cikin barcin take haihuwa, wajen Janairu ko Fabrairu, 'ya'yan kuwa ba su fi ɗan kyanwa ba. Ƙarar inji ta tashe ta a wannan lokaci, tana iya guduwa ta bar su.

Amma abin da ya fi kisa shi ne hanya. Ba a fitar da gungume sai an yanka wa mota hanya, kuma bayan masu katako sun kwashe kayansu hanyar tana nan. Maharbi ya bi ta, mai yawon buɗe ido ya bi ta ya zubar da ragowar abinci, beyar ta saba da abincin mutane, daga nan a ce ta zama fitina a harbe ta. Yawancin manyan girizli da ke mutuwa a hannun ɗan Adam suke mutuwa, kuma galibi kusa da hanya. Macen ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 5 ko 6, ta haifi biyu, sannan ta yi kamar shekara 3 kafin ta sake. A irin wannan hali, ko mata kaɗan aka rasa kowace shekara, garken ya kama hanyar ƙarewa.

Shi ya sa ƙa'idojin suka koma ƙirga hanyoyi. A dajin Flathead da ke jihar Montana, an kafa ƙa'ida a 1995 cewa kashi 68 cikin 100 na yankin da aka keɓe wa beyar ya zama wuri amintacce, wato nesa da hanyar mota da fiye da mita 500. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida, wadda aka maye gurbinta da sabon tsari a 2018, mai son buɗe sabuwar hanya sai an rufe wata ko an tone ta. A 2001 kuma gwamnatin Clinton ta hana yanka sababbin hanyoyi da yawancin sara a kan eka miliyan 58 da ɗoriya na dajin tarayya.

Dokar ta yi aiki kuwa? A yankin Yellowstone an ƙiyasta girizli 136 a 1975, yanzu sun haura 700. Sau biyu gwamnati ta cire na yankin daga jerin, a 2007 da 2017, sau biyu kotu ta mayar da su. Makiyaya da ke asarar shanu da garuruwan da ke ci da katako suna da ƙorafinsu, kuma ba na ganin a raina shi, wanda ya taɓa ganin barnar giwa ko birai a gona ya san zafin abin. A 2025 gwamnatin Trump ta gabatar da ƙudurin soke waccan fassara ta cutarwa, ta kuma sanar da niyyar janye hanin 2001.

Da ya gama saurare sai ya ce, "To Kawu, mu fa?" Muna da dokoki. Akwai Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963, akwai dokar soja mai lamba 11 ta 1985 da aka gyara a 2016 aka ƙara tara. Sai dai idonsu yana kan bindigar mafarauci da kayan ɗan fatauci. Gandun daji irin na Guga da ke bayan Shika, ko Afaka kusa da Kaduna, yana hannun jiha, izinin sara kuma daga sashen gandun daji yake fitowa. Kamuku a Birnin Gwari ya zama gandun tarayya a 1999, sara a cikinsa haramun ce a takarda. Madobiya kuwa, da aka yi ta lodawa zuwa Sin da sunan madrid, sai da CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan fataucin dabbobi da itatuwan daji, ta sa mata takunkumi daga 2017.

Wadda ta fi kusa da tunanin Amurkawa ita ce dokar auna tasirin aiki ga muhalli ta 1992, wadda ta wajabta bincike kafin a sare daji mai faɗin hekta 500 ko fiye. To wa ke sare hekta 500 a tashi ɗaya a ƙasar Zazzau? Tamu sara ta mai gatari ce da mai ƙona gawayi, a-kori-kura ɗaya yau, biyu gobe, ga hanyar babur da ke zama ta mota bayan damina biyu. Kowanne shi kaɗai bai kai ma'aunin doka ba.

Na tambaye shi katakon da suke sayarwa daga wane daji yake zuwa. Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai ya san direban, kuma direban kan zo da takarda.