Fatar da ake kira ta Maroko, ta akuyar Sakkwato ce

An daɗe ana ɗauka cewa jar fatar nan mai laushi da Turawa suke kira fatar Maroko, wadda suke yi wa littattafai masu daraja bango da ita, a ƙasar Maroko ake samar da ita gaba ɗaya. Gaskiya ne birnin Fas yana da majemansa tun da daɗewa, amma kaso mai yawa na wannan fata daga jar akuyar Sakkwato ya fito, irin wadda har yau ake kiwo a gidajenmu da kuma ƙasar Maraɗi.

Majema sukan jiƙa fatar, su cire gashin da ruwan toka, sannan su jeme ta da dakakkiyar bagaruwa, a rina ta da karan dafi har ta yi ja wur. Daga nan fatake su kai ta Kano, ayarin raƙuma ya ratsa hamada da ita ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Tun da a arewacin Afirka Bature yake sayenta, sai sunan can ya bi ta, aka manta da makiyayi da majemi.

Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin ya karkata zuwa Legas. Yanzu ma ana tara fatu daga kasuwanni irin su Illela da Acida, a gyara su a masana'antun Sharaɗa da Challawa, a kai Italiya da Sifaniya. Abin takaici shi ne a can ake ɗinka takalma da jakunkunan, a can kuma riba mafi tsoka take tsayawa.