Waiwaye: Yadda finafinan Kuroshiya suka baro fagen daga suka shiga ɗakin jinya

Kafin 1991 harkar fim a Kuroshiya reshe ce ta Yugoslabiya. Kamfanin Jadran Film da aka kafa a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, a 1946 ke shirya yawancin finafinan, bikin finafinai na garin Pula da aka fara a 1954 kuma ya raba kyaututtuka. Da ƙasar ta ɓalle, yaƙi ya ci har 1995, kuɗi ya ƙafe, ɗan abin da ake fitarwa kuwa yawanci labarin yaƙi ne da kishin ƙasa.

Al'amura sun fara sauyawa sosai bayan 2008, lokacin da aka kafa HAVC, hukumar da ke ba masu fim tallafi. Shekara na zagayowa Branko Schmidt ya fito da "Metastaze", wato yaɗuwar ciwon daji a jiki. Majinyacin a nan unguwa ce sukutum: samarin Zagreb da yaƙi ya bari ba aikin fari ba na baƙi, sai giya da ƙwaya da rigimar ƙwallo. Shi ya lashe babbar kyautar Pula a 2009.

A ganina, wadda ta fi taɓo inda ke ƙaiƙayi ita ce Hana Jušić a 2016. Sunan fim ɗinta ma faɗa ne irin na cikin gida: "Ne gledaj mi u pijat", daina leƙa min kwano. A Šibenik aka yi shi, garin da baƙi ke zuwa shan iskar teku, amma kyamara ta maƙale a wani ɗan ƙuntataccen gida. Uba mai tsawa ya kwanta da shanyewar jiki, sai nauyin kowa ya dawo kan 'yarsa Marijana, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a asibiti. Ita ce ciyarwa, ita ce jinya, uwa da ɗan'uwa na zaune suna jira. Mutum huɗu kafaɗa na gugar kafaɗa, ba mai jin wani. Kaɗaicin ke nan, kuma ita Marijana mai jinyar uban ya fi ci.

A 2022 Juraj Lerotić ya ƙara matsowa da "Sigurno mjesto", ma'ana wurin aminci. Kwana ɗaya tak labarin ya ɗauka: wani matashi ya yi yunƙurin hallaka kansa, ɗan'uwansa da mahaifiyarsu suna ta fama da likitoci da 'yan sanda tsakanin Zagreb da birnin Split. Fim ɗin ya samu kyautuka 3 a bikin finafinai na Locarno a ƙasar Switzerland. Abin da ya faru a gidansu Lerotić ne ya mayar fim, shi da kansa kuma ya fito a matsayin ɗan'uwan da ke ɓalle ƙofa a farkon labarin.