Ara Norenzayan da binciken tsoron Allah: tambayoyi da amsoshi

Wane ne Ara Norenzayan?

Farfesa ne na ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar British Columbia da ke Kanada. A Bairut ya tashi, zamanin yaƙin basasar Labanon, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Michigan ta Amurka. Littafinsa Big Gods na 2013 ne ya fito da sunansa.

Yana binciken ko akwai Allah ne?

A'a, wannan ba huruminsa ba ne. Abin da yake aunawa shi ne yadda imani ke canza halin mutum.

To me ya zo da shi?

A ƙaramin ƙauye kowa ya san kowa, idan ka ci amana kafin la'asar labari ya karaɗe gari. Amma me zai hana ka cuci baƙon da ba za ka sake gani ba? Norenzayan ya ce imani da Ubangiji mai gani, mai kuma hukunci, yana cikin abubuwan da suka sa dubban mutanen da ba su san juna ba suka iya ciniki da zama tare, har garuruwa suka bunƙasa. Mai karatu zai ce ai malamin makarantar allo ma ya san haka. Gaskiya ne. Sabon abin shi ne an mayar da maganar wadda za a iya gwadawa, ta tsaya ko ta faɗi.

Ta yaya ake gwada irin wannan?

A 2007, shi da Azim Shariff sun ba ɗalibai aikin harhaɗa jimloli, wasunsu da kalmomi kamar Allah da annabi a ciki. Daga nan aka ba kowa dala 10, ya ɗauki abin da yake so, sauran ya bar wa wani da bai sani ba. Waɗanda suka ci karo da kalmomin addini sun bar kimanin dala 4.22, sauran kuwa dala 1.84. Abin da ba a cika faɗa ba: kalmomi irin su kotu da ɗan sanda ma sun yi kusan irin wannan tasiri.

Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na 2016 a mujallar Nature, wanda Benjamin Purzycki ya jagoranta, da mutum 591 daga al'ummomi takwas, ciki har da Fiji da Saiberiya da maharban Hadza na Tanzaniya. Ana barin mutum shi kaɗai da kofi biyu, tsabar kuɗi 30 da ɗan ludo mai launi biyu. Kofi ɗaya nasa, ɗayan na wani ɗan addininsu a gari mai nisa. Ɗan ludon ke nuna inda kowace tsaba za ta shiga, amma ba mai kallo, in ya ga dama ya yi coge. Waɗanda suka ɗauki abin bautarsu a matsayin masani mai hukunci sun fi ba na nesa haƙƙinsa. Fatan samun lada bai yi wannan aikin ba.

Duk bincikensa ya tsaya da ƙafarsa?

Ko kusa. A 2012, shi da Will Gervais sun wallafa a mujallar Science cewa zaburar da tunani mai zurfi na rage imani, har da gwajin nuna wa mutane hoton mutum-mutumin wani mai tagumi. Jaridu suka yi ta yayatawa. Da wasu masana suka maimaita gwajin hoton da mutane masu yawa, sakamakon bai fito ba, Gervais kansa ya yarda aikin na da rauni.

Imanin ne ya gina manyan al'ummomi, ko su suka riga shi?

Nan ne rigimar take. A 2019 Harvey Whitehouse na Oxford da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature cewa tarihin al'ummomi 414 ya nuna sai jama'a ta kai wajen miliyan ɗaya irin wannan imani ke bayyana. Wasu suka bi ƙididdigar, suka tarar duk inda babu rubutaccen tarihi an lissafa shi a matsayin babu imanin. Nature ta janye takardar a 2021, gardamar kuma tana nan har gobe.