Batun "bizar musamman" zuwa Japan da abin da dokar 2024 ta tanada

Tun watan Agustan 2025 ake yaɗa labarin cewa Japan ta ware wa 'yan Najeriya gari guda, Kisarazu, tare da biza ta musamman, kuma har yau akwai 'yan na-kama da ke karɓar kuɗin fom a kan haka. Labarin ya samo asali ne daga taron TICAD, wato taron Japan kan ci gaban Afirka, karo na 9 da aka yi a Yokohama, inda JICA, hukumar Japan mai kula da tallafi ga ƙasashen waje, ta haɗa garuruwa huɗu na Japan da ƙasashen Afirka huɗu domin ziyara da musayar al'adu: Kisarazu da Najeriya, Sanjo da Gana, Nagai da Tanzaniya, Imabari da Mozambik. Wata sanarwa daga Abuja ta ƙara gishiri da zancen biza, gwamnatin Japan ta musanta, aka gyara sanarwar. Duk da haka mutanen garuruwan suka cika ofisoshin ƙananan hukumominsu da kiran waya na ƙorafi, har JICA ta janye shirin baki ɗaya a ranar 25 ga Satumba, 2025. Wannan shiri bai taɓa zama doka ba, yanzu ma babu shi.

Dokar da ke akwai ita ce gyaran dokar shige da fice da majalisar Japan ta amince da shi a watan Yunin 2024, wanda zai fara aiki a Afrilun 2027. Ƙarancin hannu ne ya jawo ta. A 2024 jariran da 'yan ƙasar suka haifa ba su kai 700,000 ba, karo na farko tun da aka fara ƙidaya, alhali mace-mace sun kai kusan miliyan 1.6, kuma kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai shekara 65 ko sun haura. Gonaki da wuraren gini da gidajen kula da tsofaffi duk ma'aikata suke nema.

Tun 1993 Japan ke shigo da baƙi da sunan koyon sana'a, wai su koya su koma gida. A zahiri ƙwadago ne mai arha, kuma wanda ya shigo ba shi da ikon canja wurin aiki don ra'ayin kansa. Shi ya sa a 2023 kaɗai sama da 9,000 suka gudu suka ɓace. Sabon tsarin, mai suna Ikusei Shuro, shi zai maye gurbin wancan. Wa'adinsa shekara uku ne. Kafin fara aiki ana bukatar matakin farko na harshen Japananci, wato N5, ko darussan da suka yi daidai da shi. Bayan shekara ɗaya zuwa biyu, gwargwadon fannin, ma'aikaci na iya sauya ubangida, amma a cikin fannin da ya shigo da shi, kuma sai ya ci jarrabawar sana'a da ta harshe. An hana dillalai masu zaman kansu shiga tsakani a wannan sauyi. Kuɗin da ma'aikaci zai biya kamfanin da ya tura shi daga gida kuwa bai kamata ya wuce albashin wata biyu ba.

Abin da masu fom ba sa faɗa shi ne, bisa ƙa'ida, daga ƙasashen da suka rattaba hannu kan yarjejeniya da Japan za a riƙa ɗaukar mutane. A tsohon tsarin jerin kusan duk na Asiya ne, irin su Biyetnam, Indunusiya, Filifin da Myanmar. Najeriya da Nijar da Gana ba sa cikin wancan jerin. Duk wanda ya ce yana da gurbi a hannu, a tambaye shi wace yarjejeniya ce tsakanin gwamnatocin biyu.

Wanda ya kammala shekara uku ya ci jarrabawa zai iya hawa matakin ƙwararren ma'aikaci na ɗaya, wanda aka ƙirƙiro a 2019: shekara biyar, ba iyali. Sai a mataki na biyu ake sabunta izini ba iyaka, a kuma kawo mata da 'ya'ya. Wato mutum na iya shafe shekara takwas ba tare da iyalinsa ba, abin da ke da wuyar daidaitawa da kukan da ƙasar ke yi na ƙarancin yara.

Sashen da ya fi tayar da ƙura shi ne na soke izinin zama na dindindin. Jita-jitar da ke yawo a tsakanin baƙi mazauna can ita ce wanda ya makara da haraji na wata ɗaya za a kore shi. Dokar ba ta ce haka ba. Kalmar da aka yi amfani da ita ita ce ƙin biya "da gangan", ko haraji ne ko kuɗin inshorar lafiya da fansho. Ministocin gwamnati sun shaida wa majalisa cewa wanda ciwo ko rashin aiki ya hana shi biya ba ya ciki. Sauran dalilan su ne saɓa wa wajibai na dokar shige da fice, kamar riƙe katin zama a jiki, da kuma samun hukuncin ɗauri a wasu laifuka irin su sata da rauni, ko da ɗaurin bai kai shekara ba. Kuma sokewa ba kora kai tsaye ba ce: in ba an ga zaman mutum bai dace ba sam, ministan shari'a zai mayar da shi kan wani izini mai wa'adi. Zuriyar Koriyawa da 'yan Taiwan masu izinin dindindin na musamman ba ta shafe su ba.

Sai dai tsoron yana da tushe. Masu izinin dindindin sun kai kimanin 900,000, kuma galibi sai an yi shekara goma a ƙasar kafin a samu. Ɗan ƙasa da ya ƙi biyan haraji, a ci shi tara ko a riƙe dukiyarsa, shi ke nan. Baƙon da ya yi laifi iri ɗaya zai sha wannan hukuncin, sannan a taɓa zamansa, wanda bashin gidansa da makarantar 'ya'yansa suka rataya a kai. Ƙungiyar lauyoyin Japan ta yi adawa da sashen a kan wannan dalili. "Da gangan" ma kalma ce mai faɗi, jami'in da ke riƙe da fayil ne zai fara fassara ta, ga shi an ba ma'aikatan ƙananan hukumomi damar kai rahoto ga hukumar shige da fice. Mai hikima zai je ofishin haraji ya nemi a tsara masa biya kaɗan-kaɗan tun kafin takardun gargaɗi su taru, ya kuma adana rasit, domin yin biris da gargaɗi na cikin abubuwan da za a duba.

Dillalai ma dokar ba ta bar su ba. Wanda ya sama wa baƙo aiki ba bisa ƙa'ida ba, a da hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara uku ba ko tarar yen (kuɗin Japan) miliyan 3, an ɗaga shi zuwa shekara biyar ko yen miliyan 5, ana kuma iya haɗa biyun. Shi kuwa wanda ya shiga da bizar ziyara ya maƙale, in aka kama shi aka tasa ƙeyarsa, shekara biyar ba zai sake shiga ba, in ya maimaita goma. Wanda ya kai kansa hukuma kafin a kama shi, ya kuma cika sharuɗɗa, haramcinsa shekara ɗaya ne.